Tela Ya Ɗinka wa Mota Nafkin

Mijin yayata tela ne, kuma tsakani da Allah a ɗinki babu mai ja da shi a layinmu. In ya yanka maka riga sai ka rantse da ita aka haife ka. Matsalarsa ɗaya ce. Tun ranar da keken ɗinkinsa ya tsaya, ya kwance shi ya mayar kuma aka yi sa'a ya tashi, ya yanke hukunci cewa duk wani abu mai ƙarfe a duniya ƙanin keken ɗinki ne. Ranar ya raɗa wa kansa suna Injiniya. Babu mai taya shi kiran sunan sai ni, ni ma don tsokana.

Shi ya gyara fankar falo, yanzu sai an tura ta da sandar mofa take juyawa. Shi ya gyara ƙararrawar ƙofa, yanzu in baƙo ya danna, fitilar banɗaki ce ke kamawa.

Ni auta ce a gidanmu, ina zaune wurin Yaya ina taya ta sana'ar kek. Shekara da shekaru tana gasa ƙanana tana rarraba wa shaguna a wata tsohuwar jar mota da ta saya da guminta. Sai aka wayi gari shugabar wata makaranta ta ɗanɗana, ta kira ta ta ba ta aikin babban kek mai hawa uku na ranar ba ɗalibai kyaututtuka, wato Asabar. Ta ce in ya iso a kan lokaci kuma ya yi kyau, Yaya ce za ta riƙa kawo wa shagon makarantar kek duk shekara. Yaya ta dawo ta zauna a kicin ta yi kukan murna har da shessheƙa. Wannan damar take jira tun ban iya fasa ƙwai ba.

A makon ne motar ta ga dama ta fara yoyon baƙin mai. Ba wani mai yawa ba ne, ɗigo ne kamar girman marfin kwalba a tsakar gida kowace safiya.

Yaya ta ce, "Baban yara, ka tsallaka da ita wurin Sifana ya duba. Ba na son ta ba ni kunya ran Asabar."

Sifana shi ne bakaniken da garejinsa ke kallon ƙofar gidanmu. Tare suka yi firamare da Tela, kuma tun lokacin ba su daina cacar baki ba.

Tela ya ajiye kofin shayi a hankali. "Madam, kina da injiniya a cikin gida, ki ɗauki kuɗi ki kai wa mutumin da wandonsa zai iya tsayuwa shi kaɗai saboda maiƙo?"

"Wandon nasa zai gyara min motar?"

"Ki saurara ki ƙaru. Inji inji ne. Keke yana shan mai, mota tana shan mai. Keke yana da bel, mota tana da bel. Bambancin kawai ita an sa mata kujeru."

Na ce, "Injiniya, ita fa ana mutuwa a cikinta."

"Auta, je ki fasa ƙwai."

Kafin Yaya ta sake magana ya ɗauke makulli, ya rataya tef ɗin awo a wuya, ya soke alli a bayan kunne, ya fita tsakar gida yana naɗe hannun riga. Ya leƙa ƙarƙashin motar, ya fito ya sanar da mu cewa ya gano cutar: notin da ake kwancewa a juye mai ne ya yi sako-sako, juyi ɗaya za a yi masa a wuce wurin. Sai a lokacin ya tuna ba shi da abin ɗaurewa. Ba kunya ba tsoron Allah, ya tsallaka titi aro, ni kuma na bi shi don kada a ba ni labari.

Sifana ya ce, "Lamba nawa kake so?"

Tela ya duba tef. "Inci ɗaya ba kaɗan. Amma ka ba ni mai ɗan sarari, na bar wurin ɗinki."

Sifana ya kalle shi, ya kalle ni, ya zaɓo ƙarfe ya miƙa masa. Sannan ya ɗauki bencinsa ya biyo mu har ƙofar gida ya zauna. "Yau ba ni da aiki," in ji shi. "Bari in zauna in koya wurin manya."

Tela ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi, ƙafafunsa kawai muke gani. Abin da bai lissafa ba shi ne, mutum in ya kwanta rigingine kansa na kallon wani gefe, dama da hagu sukan rikice masa. Muka ji yana nishi, can ya ce, "Yauwa, ga shi nan ya fara laushi. Alamar yana zama ke nan."

Sifana ya gyara zama.

Sai muka ji wani sauti kamar an buɗe famfo, ƙafafun Tela suka fara harbin iska. Ya turo kansa waje yana tofar da yawu. Daga goshi har ƙirji baƙi ƙirin, ido da haƙori kawai suka tsira. Matar da ke haya a saman bene, wadda duk gidan ke kira Matar Sama saboda daga baranda take gudanar da rayuwar kowa, ta leƙo.

"Auta, baƙo kuka yi? Ba ku ba shi wurin zama ba?"

Tela ya share ido da gefen hannu. "Da ma juye man na yi niyya. Ba a ɗinki a kan datti."

"Darasi na farko ya shiga," in ji Sifana.

Tela ya ruga kicin ya ɗauko abin da hannunsa ya fara kaiwa gare shi ya tara sauran man. A cikin turmutsitsin, wani ɗan zoben ƙarfe da ke zama tsakanin notin da inji ya gangara ya faɗa kwata. Sifana ya ce wosha ce, kuma in babu ita babu zaman lafiya. Tela ya ce wannan ai maɓalli ne marar rami huɗu. Ya shiga shago ya yanko irinta daga guntun fatar bel, zagaye tsaf, ko injin kamfani albarka. Ya mayar da notin ya ɗaure. Ya ga bai gamsu ba, ya zura bututun ƙarfe a hannun abin ɗaurewar ya taka da ƙafa. Muka ji ƙas, daga nan notin ya shiga juyawa ba ya tsayawa.

"Kun ji ko? Ya kai ƙarshe."

Sifana ya runtse ido kamar shi ake cire wa haƙori. "Ka cinye masa haƙora, Tela."

"Ina ruwan noti da haƙora? Zif ne?"

Ya je ya sayo sabon mai ya ɗura, ya yi wanka sau biyu, ya kwana yana ba Yaya labarin yadda ya ceci gidan daga hannun 'yan damfara.

Da safe ɗigon da ke kamar marfin kwalba ya zama kamar faranti. Kyanwar Baba Mai Gida, dattijon da muke haya a gidansa, ta ratsa ta ciki, ta haura bene, ta bi ta kan farin zanen gadon da Matar Sama ta shanya. Ba mu san an yi ba sai da muka ji muryarta ta cika unguwa, tana ɗaga zanen tana nuna wa jama'a sawun ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Baba Mai Gida ya fito da sandarsa ya tsaya a kan tabon, ya ce shi dai siminti ya ba mu haya, ba rijiyar mai ba.

Ana cikin haka Yaya ta fito daga kicin riƙe da wani abu. Babban kwanon kwaɓinta ne, wanda ko ni ba na taɓawa sai da izini, ga baƙin mai har rabi.

Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. "Baban yara, mene ne wannan?"

"Aro na yi, Madam. Da ruwan zafi zai fita."

"Ba ni makullin."

"Ki ba ni zuwa gobe. Na rantse da almakashina gobe ko ɗigo ba za ki gani ba."

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki ya san goben tela, Yaya kuwa ta fi kowa sani. Amma hawa na farko yana cikin obin yana neman ƙonewa, ta juya da gudu, makulli ya kwana a aljihunsa.

Ranar ya naɗa wa notin zaren ɗinki mai kauri, ya bulbula masa gam mai kama ƙarfe. Gam ɗin bai kama notin ba, amma ya kama babban yatsansa da manuni. Wuni guda ya yi yana auna masu kawo ɗinki da yatsu biyu a haɗe kamar mai shirin ɗibar gishiri. Wani ya tambaye shi lafiya, ya ce sabon salon riƙe tef ne da ake yi a ƙasashen waje.

Da yatsun suka rabu, sai ya kira ni tsakar gida, idonsa yana ƙyalli. Na san wannan ƙyallin, shi na gani ranar fanka.

"Auta, duk kuskurena ɗaya ne. Ina ta bin hanyar bakanike, alhali ni na fi shi ilimi. In riga ta yage me ake yi?"

"A ba tela."

"A yi mata faci, a sa shafi a ciki. Riƙe min kan tef."

Ya sake shigewa ƙarƙashi yana auna cikin motar yana faɗa da ƙarfi, yadda yake yi wa mutane: ga ƙugu, ga tsawo, ga kafaɗa. Har cewa ya yi da motar ta tsaya daidai. Ya yi zane da alli, ya shiga shago ya rufe ƙofa, keke ya yi ta ruri har yamma.

Abin da ya fito da shi, wallahi ko maƙiyinsa sai ya yaba. Wata jaka ce ta tamfol mai faɗi, an yi mata shafi da soson tsohuwar kujera, an bi bakinta da jan kirtani don ya dace da launin motar. Ga dogon zif a ƙasa, wai in soson ya jiƙe a buɗe a matse. Ga igiyoyi ta kowane gefe. Har lambar shagonsa ya ɗinka a kusurwa. Ya ɗaure ta a ƙarƙashin injin, igiya ɗaya a nan, ɗaya a can, biyu a jikin bututun hayaƙi saboda shi ya fi daɗin ɗauri. Ya ce sunanta rigar inji.

Ran Juma'a da safe ya bi ɗaki ɗaki yana ƙwanƙwasa ƙofa. Da jama'a suka taru, ya jawo wani farin ƙyalle da ya shimfiɗa a ƙarƙashin motar tun jiya, ya ɗaga shi sama yana juyawa. Fari fat, ko ɗigo babu.

Baba Mai Gida ya duba siminti ya ce madalla. Matar Sama ta sauko da kanta, abin da ba ta cika yi ba, ta durƙusa ta leƙa, ta miƙe tana riƙe da ciki don dariya.

"Nafkin ka ɗaura mata? To wa zai riƙa canza mata, kai ko Auta?"

"Rigar inji ce, Hajiya."

"Na raini yara biyar, Tela. Na san nafkin in na gan shi."

Sifana ya kwanta ya daɗe yana kallo. Ya fito yana kakkaɓe baya. "Zif ɗin dai ya zauna, ba ƙarya. Madam, ki bar min ita yau in duba."

Yaya tana tsaye a ƙofar kicin, gari har gira. Ta buɗe baki za ta amsa, Tela ya riga ta. "Ki ba shi, Madam, ki karɓa wata mai zuwa. Ki leƙa garejin nasa. Farar motar can da aka kawo gyaran birki, kaza ta yi ƙwai a ciki, ta ƙyanƙyashe, 'ya'yan ma sun fara ƙwai."

"Kayan gyara ake jira," in ji Sifana.

"Kajin ma su suke jira?"

Maganar gaskiya, nan Tela bai yi ƙarya ba, duk mun san kajin. Yaya ta kalli gareji, ta kalli busasshen siminti, ta kalli agogo. Hawa biyu ba a yi musu kwalliya ba. Ta ce, "Allah Ya sa ta kai mu gobe," ta koma ciki. Sifana ya ɗauki bencinsa, ya ce shi dai gobe ba zai kashe waya ba.

Ran Asabar kek ya fito. Hawa uku, fari sol, an zagaye shi da furannin sukari masu launin rigar makarantar. Sai da na ji ƙwalla ta taru min. Muka ɗora shi a kan katako a tsakiyar kujerar baya, Yaya ta riƙe gefe, na riƙe gefe. Tela ya sa kwat ɗinsa mafi tsada ya zauna a gaban sitiyari, ya ce injiniya ba ya barin aikinsa ya yi tafiyar farko shi kaɗai. Ya yi wa Sifana hon sau uku da muka wuce.

Ba mu yi nisa ba wata jar fitila mai siffar buta ta kama a gabansa.

Na ce, "Injiniya, butar nan ta kama."

"Gaisuwa take yi."

"Ba ta daina gaisuwar ba."

Ya laluba aljihu ya ciro takardar manne mai lambar shagonsa, irin wadda yake liƙawa a ledar kaya, ya manna a kan fitilar. "Ga ta nan, ta mutu."

Yaya ba ta gani ba, idonta yana kan hawa na uku. Can ta ɗaga hanci. "Me ke ƙauri?"

"Wani ne ke ƙona shara."

Sharar ta yi ta bin mu har shataletale. Wani mai babur ya matso ya ƙwanƙwasa gilashi. "Malam, motarka tana hayaƙi ta ƙasa."

"Sabon aiki ne, yana zama. Na gode."

Wata mata a motar haya ta leƙo tana nuna ƙasanmu da hannu biyu. Tela ya ɗaga mata hannu, ya ce da mu, "Kun ga har an fara tambayar inda aka yi ɗinkin."

Daga nan injin ya canza murya. Ya fara wani kwas-kwas-kwas da sauri da sauri. Tela kuwa fuskarsa ta washe.

"Madam, saurara. Kin ji? Sautin lafiyayyen keke ke nan. Sai yau motar nan ta dawo hayyacinta."

"Baban yara, ka tsaya."

"Ga makarantar can, ki bar ni in kai ki da mutunci."

A ƙofar makarantar akwai tudun rage gudu, daga shi kuma hanya ta gangara a kan tayil mai santsi har matakalar zauren taro. Iyaye suna ta shiga cikin kwalliya, ɗalibai sun yi layi biyu da fararen kaya suna tarbar baƙi, shugabar makaranta tana tsaye a ƙasan gangaren da tabarau tana duba agogo. Mu ba mu sani ba, ashe rigar inji ta sha mai ta kumbura ta sauko kamar hantsar saniya, zafin bututu kuma ya cinye igiya biyu. Tayoyin gaba suka haye tudun lafiya. Nafkin bai haye ba.

Muka ji zif ya tsage tun daga farko har ƙarshe, sauti ne da kowane tela ya sani. Duk man da aka tara tun shekaranjiya ya zube lokaci ɗaya ya kama gangare. Injin ya yi kwas na ƙarshe ya yi shiru, motar ta tsaya a gicciye a bakin ƙofa, babu shiga babu fita. Motocin baya suka ɗauki hon. Hayaƙi ya fara shigowa ta ƙarƙashin kujeru.

Yaya ta ce, "Kek zai sha hayaƙi. Auta, buɗe ƙofa."

Tela ya riga mu fita. Sai da ya fara durƙusawa ya shafa ƙarƙashin motar don ya ga abin da ya sami ɗinkinsa, sannan ya zagayo ya fizge ƙofata. "Ku bar min, aikin maza ne." Kafin Yaya ta ce kada ya taɓa, ya sunkuci katakon ya juya ya nufi zaure da sauri, kek ya rufe masa fuska, ba ya ganin ƙasa.

Man ya riga shi sauka. Taku na uku ƙafafunsa suka yi gaba suka bar shi. Ya faɗi rigingine, kwanciyar da ya yi mako yana koyo, katako a kan ƙirjinsa, ya kama sulalewa. Ɗalibai suka dare gefe biyu. Ya wuce ta tsakiyarsu a kwance, kwat tana share tayil, takalmi ɗaya ya tsaya a hanya, kek yana tsaye a kansa yana rawa. Na ji Yaya ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni. Shekarunta ne gaba ɗaya ke gangarawa a kan ƙirjin mutumin nan, kuma babu abin da za mu iya yi sai kallo.

Ya tsaya daidai ƙafar shugabar makaranta.

Zan faɗi alherinsa ɗaya: bai saki katakon ba. Gwiwar hannunsa duk ta goge, ƙeyarsa ta bugu, amma bai saki ba. Daga ƙarƙashin kek muka ji muryarsa, "Ranki ya daɗe, an kawo saƙo."

Har masu hon suka dakata. Muka sauko ta gefen ciyawa da gudu, muka ɗauke katakon muka ɗora a teburin bakin ƙofa. Hawa uku suna nan, ko fure bai faɗi ba. Sai da Yaya ta juya shi muka gani: a gefen hawa na ƙasa, a kan farin sukari, ga sawun yatsu huɗu baƙi ƙirin, inda ya tallafe shi lokacin faɗuwa.

Shugaba ta sauke tabarau ta kalli sawun, ta kalli Yaya. Na ce a raina shi ke nan, yau Yaya za ta yi kuka a gaban mutane. Sai ta ja numfashi ta buɗe jakarta. Ta ciro wuƙar kek ta yanke wurin har cikin soso ta jefar, ta cike ramin da kirim, ta shafe, ta jera furannin sukari da ta zo da su na ko-ta-kwana. Kafin ka ce me, gefen ya fi sauran kyau.

Tela yana zaune a ƙasa cikin mai yana kallo. Ya ɗaga yatsa. "Kin gani, Madam? Faci. Dabarata ce sak."

Yaya ba ta ko juyo ba. "Ni sai da na yanke wurin da ya ɓaci kafin in rufe."

Wani uba ne ya fara fashewa da dariya, daga nan ɗalibai suka ɗauka, har mai gadi ya jingina da ƙofa yana share hawaye. Shugaba ta sunkuya ta shinshina kek, ta ɗauki ɗan gutsuren da ya rage a wuƙa ta ɗanɗana, ta sake duba agogo.

"Ya iso a kan lokaci, kuma ban taɓa ganin wanda aka kawo da irin wannan hidimar ba. Ki fara kawo na shago ran Litinin." Ta nuna Tela da tabarau. "Wannan naki ne?"

Yaya ta kalle shi. "Nawa ne, ranki ya daɗe."

"To ki bar min shi ya wanke min tayil."

Muna haurowa sai ga Sifana a bakin ƙofa a kan babur, igiyar ja a kafaɗa. Na ce wa ya kira shi. Ya ce babu, hayaƙi ya biyo tun daga layinmu. Yaya ta zare makulli daga jikin motar ta sa masa a hannu a gaban kowa, ta ce kuɗin gyara wurin Injiniya zai karɓa, kuma in ta ga kaza ko ɗaya a kusa da motarta, shi ma sai ya wanke tayil. Sifana ya ce injin ya sha wuya amma da sauran numfashi. Ya durƙusa ya kwance abin da ya rage na nafkin, ya naɗe shi da girmamawa ya sa a bayan babur.

Aka ci kek aka sha tafi, Tela yana waje da bokiti da omo, kwat a rataye a jikin ƙofa. Kafin motar ta fito daga gareji, shi ya riƙa kai kek makarantar kowace safiya a motar haya, kwali a kan cinya, ɗalibai suna gaishe shi da Baban Nafkin yana amsawa.

Nafkin yana nan rataye a ƙofar garejin Sifana, lambar shagon tana kallon titi. Duk wanda ya tsaya kallo, Tela yakan tsallako ya nuna masa cewa ko zare ɗaya na ɗinkinsa bai tsinke ba, zif ɗin ne na kanti.

Jiya muna karyawa obin ɗin Yaya ya fara wata 'yar ƙara. Tela ya kasa kunne, idonsa ya yi wannan ƙyallin, ya miƙe ya kai hannu ga tef ɗin da ke wuyansa. Yaya ta ajiye kofi ta kalle shi, kallo ɗaya. Ya sosa wuya ya koma ya zauna, ya ce da ma tef ɗin ne ke masa ƙaiƙayi, in miƙo masa sukari.